Mai Farar Gira

Shekaranjiya da hantsi ina zaune ina gyaran wani babi, sai na jiyo ƙarar daga bakin titi: wuƙa a kan dutsen washi, ƙarar nan mai shiga har cikin haƙori. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fita ƙofar gida da takalmi ƙafa ɗaya, mace mai jika biyu, ina haki. Ba wuƙa na ɗauko ba. Fuskar mai washin nake so in gani. Zan gaya maka dalili, amma sai ka yi haƙuri da ni, domin labarin daga idon kakata ya fara.

A Samaru na tashi, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da rijiya ɗaya a tsakar gida. Babana yana aiki a gonar gwaji, mamata kuma tana tsaron shagon atamfa na wata mata a unguwar PZ, ta fita da sassafe sai yamma. Saboda haka Kaka ce ta raine ni. Uwar babana ce, an ɗauko ta daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna lokacin da yanar ido ta fara rufe mata gani. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara. Ranar da na ɓata mata rai kuwa sai ta ce in dawo mata da sunanta, ta ba ni aro ne ba kyauta ba.

Aikinta ɓarar agushi. Maƙwabciyarmu Maman tagwaye, wata mata daga gabas mai sayar da kayan miya, ita take kawo mata shi a kwano. Kaka ta zauna a gindin mangwaron tsakar gida, ta miƙe ƙafa, yatsunta suna aiki ba tare da ido ba. Da an taso makaranta yaran gidan duka sai mu kewaye ta, wai taya ta ɓara muke yi, alhali rabin abin da muka ɓare cikinmu yake tafiya. Labari muke zuwa ji. Wata mata ta taɓa yi mata magana cewa ba a tatsuniya da rana. Kaka ta ce nata ba tatsuniya ba ce, babu dabba mai magana a ciki, mutane ne zalla, kuma ba ta ga ranar da aka hana zancen mutane ba.

Mutanen nan nata duk ƙirƙirarsu take yi, amma har yau ina iya ganinsu. Akwai alƙalin da ƙofar hancinsa ɗaya ta fi ɗaya faɗi, in zai yanke hukuncin zalunci sai babbar ta riƙa motsi. Akwai amaryar da leɓenta na ƙasa yake rawa kafin ta yi ƙarya. Akwai wani falke mai tawadar Allah a haɓa, da gashi uku a kanta, wanda yake jan na tsakiya in yana tunani. Na manta abin da ya faru da yawancinsu. Na manta wa ya auri wa, wa ya mutu a hanya. Fuskokin ne suka ƙi tafiya. Kaka takan ce mutumin da ba shi da alama ba ya zama a kan mai sauraro, da an tashi ya bi iska.

To, mai ba da labari irin wannan kuma ido ya tafi. Fuskokin da ta tara a ƙauye ta kusa cinye su. Sai ta mai da ni idonta. Duk sanda aka aike ni kasuwar Samaru, ko na bi mamata Sabon Gari ranar Asabar, da na dawo, tun kafin in sha ruwa, sai in ji muryarta daga gindin mangwaro: “Takwara, wace fuska kika kawo mini?”

In na ce na ga wata mace kyakkyawa, sai ta yi tsaki ta ce kyau ba fuska ba ne, kowa ma yana da shi a bakin uwarsa. Sai na ce na ga mai kifi da wushirya wadda tsinke zai wuce a kwance, ko ɗan dako mai kunne ɗaya a miƙe ɗaya a kwance, sannan ta gyara zama. Takan miƙo mini yatsanta mai warin agushi, in kama shi in zana mata abin a kan fuskata: nan ya faro, nan ya lanƙwasa, nan ya tsaya. Bayan kwana biyu sai in ji wushiryar mai kifi a bakin wani sarki. Ba zan ɓoye maka ba, babu abin da ya taɓa faranta mini rai a yarinta kamar wannan.

Amma tana da doka, kuma ba ta wasa da ita. Abu ɗaya tak ake ɗauka daga fuskar mutum, a bar masa sauran. Abin da aka ɗauka kuma sai an sauya masa wuri: in na hagu ne ya koma dama, in na namiji ne a ba mace. Sannan ba a taɓa wanda masu sauraro za su iya haɗuwa da shi a hanya. Ta ce fuska kayan mai ita ne, aro muke yi, kuma mai aro ba ya kwashe ɗaki. Ni a lokacin gani nake yi rigimar tsufa ce kawai. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina ganin na fi kowa wayo a Samaru har da kewaye.

Akwai wani mai washi da yake zuwa layinmu duk Talata da Juma’a. Daga unguwar Muchia yake tasowa a kan wani tsohon keke. In ya iso sai ya kafe keken, ya ɗaura bel daga tayar baya zuwa dutsen washi, ya hau yana taka feda a wuri ɗaya, dutse yana juyawa, tartsatsi yana tashi. Mata su fito da wuƙaƙe, tela ya kawo almakashi, masu gona su kawo adda. Mutum ne marar yawan magana, Hausarsa tana da wani ɗan karkata da ban san ta wane gari ba ce. Girarsa ta hagu rabinta fara ce fat, kamar an shafa alli. Saman kunnensa na dama a naɗe yake. Kumatunsa duk ɗigo-ɗigon ƙunar tartsatsi ne, kuma yana da giɓi a ƙasa. Yana kiran Kaka Mama, ni kuma ’yar makaranta. Ƙaramar wuƙar Kaka kyauta yake wasa mata, ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya miƙa mata ta ƙota.

Na taɓa kai wa Kaka girarsa. Na zana mata da yatsanta, tana jin daɗin abin, na ga alama tana so. Sai ta janye hannu ta ce a’a, wannan na kusa ne, yana shan ruwan rijiyarmu, a bar masa abinsa.

Ranar da na karya dokar, ruwan sama ne ya tsare mu a aji. Tsakiyar damina ce, masara ta fi mutum tsawo a bayan makaranta, malaminmu kuma ya maƙale a ofis. Na riga na yi suna da ba da labari, sai aka ce in ba da. Na soma labarin wani mutum mai satar yara, wanda yake kiransu su zo su ga abin mamaki, in sun matso ya zura su a buhu. Ina tsakiya sai wata yarinya, ’yar wani malamin jami’a, mai yawan jefa Turanci a magana, ta ce ƙarya ce, babu irin wannan mutumin, ita babanta ya ce labaran nan na ƙauyawa ne. Aka yi mini dariya.

Na ce akwai shi. Na ce girarsa ta hagu rabinta fara ce. Na dakata, yadda Kaka take yi. Na ce saman kunnensa na dama a naɗe yake. Na ce kumatunsa ɗigo-ɗigo ne, yana da giɓi a ƙasa, kuma abin mamakin da yake kiran yara su gani, wuta ce da take fita daga dutse. Ban sauya komai ba, ban rage komai ba. Ajin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Can wata murya daga baya ta ce, a hankali, mai washi. Ban ce e ba, ban ce a’a ba. Aka tambaye ni yadda aka ƙare da shi. Na ce ba a taɓa kama shi ba, yana nan yana yawo.

Bari in faɗa maka gaskiya tunda na soma: daɗi na ji. Na dubi ’yar malamin na ga ta rungume jakarta, na ji kamar an naɗa ni sarauta. Na tafi gida a cikin yayyafi ina tsalle a kan kwata.

Cikin mako biyu labarin ya fita daga hannuna. Na ji shi a layin famfo, na ji shi a makarantar Lahadi, kuma kowane lokaci ya ƙara ƙiba. An ce an ga buhu yana motsi a bayan kekensa, alhali kowa ya san tsummoki ne da galan ɗin ruwa. An ce wani yaro ya ɓata a Palladan ranar Talata. An ce farar girar alama ce ta yawan yaran da ya sace, in ya cika adadi za ta koma fara duka. Ni ban faɗi wannan ba, har na ji haushin ba ni na tuna da shi ba. Abu ɗaya ne bai sauya ba ko kaɗan daga baki zuwa baki: fuskar. Gira, kunne, kumatu, giɓi, kowa ya riƙe su daidai. Sunansa ya tashi daga mai washi ya koma Mai Farar Gira.

Ya ci gaba da zuwa. Ya kafe kekensa a inda ya saba, ya ɗora wani guntun ƙarfe a kan dutse don a ji ya iso. Ƙofofi su rufe ɗaya bayan ɗaya. Uwaye su fizge yara su shige. Yakan daɗe yana taka feda shi kaɗai a layi, ƙarar tana bin bango, babu mai fitowa sai Kaka da ’yar wuƙarta, tana lalube da sanda. Ni kuwa na fara ɓuya a bayi duk ranar Talata da Juma’a.

Wata Laraba Maman tagwaye ta kawo agushi, ta durƙusa kusa da Kaka, ta rage murya ta ce Mama ta daina bari jikarta ta kusanci mutumin nan. Ta ba ta labarin kaf, a matsayin abin da ya faru, har da rantsuwa. Ina zaune ina kallon hannun Kaka. Yatsun nan da ba sa tsayawa ko tana barci-barci, sai na ga sun tsaya. Ta bari matar ta tafi.

“Takwara,” ta ce, “wannan girar na san ta. Da yatsana aka zana ta.”

Na ce ba ni ba ce. Na sake cewa ba ni ba ce, sai kuka ya ƙwace mini. Na zaci za ta dake ni, na ma so ta dake ni. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta tambaye ni abu nawa na ɗauka daga fuskarsa, na ce duka. Ta tambaye ni ko na sauya wa wani abu wuri, na ce a’a. Ta juya fararen idanunta wajen ƙofar gida, sannan ta ce gobe in je in kwance abin da na ɗaura, ita kuma za ta sa babana ya gaya wa Fasto a yi sanarwa ranar Lahadi.

Washegari na tsaya a gaban aji na ce ƙarya na yi, ni na ƙirƙiro komai. Babu wanda ya yarda. ’Yar malamin nan, wadda ta fara ƙaryata ni, ita ce ta ce tsoro nake ji, wataƙila ya ritsa ni ya yi mini kashedi. Kafin a tashi labari ya zaga cewa Mai Farar Gira ya asirce ni. Ƙaryatawar tawa ma ta shiga cikin labarin ta zauna. Na koma gida ina ƙirga kwanakin da suka rage kafin Lahadi, na ga Juma’a tana tsakani.

Juma’ar ta zo da hadari tun safe, sama ta yi baƙi amma ruwa ya ƙi sauka. Da na dawo makaranta da tsakar rana na tarar da layinmu a hargitse. ’Yar telan da shagonsa yake kallon gidanmu, mai shekara uku, ba a gan ta ba tun hantsi. An leƙa rijiyoyi, an kutsa cikin masara ana kiran sunanta, uwar tana birgima a ƙasa. Maza sun taru a ƙofar shagon suna magana ƙasa-ƙasa. Babu wanda ya ambaci sunan kowa, amma na ga yadda suke waiwayen bakin layi. Na yi addu’a a raina kada ya zo, tayarsa ta fashe, zazzaɓi ya kama shi, komai ma. Ina cikin addu’ar ƙarar ta taso daga kwanar titi.

Na taɓa jin shiru iri-iri a rayuwata, ban taɓa jin irin na wannan lokacin ba. Uwar ma ta daina kuka. Sai ƙafafu suka fara tafiya, ba gudu ba, tafiya kawai, duk wuri ɗaya. Ƙarar washin ta ci gaba na ɗan lokaci, sannan ta yanke.

Kaka ta riga ta miƙe. Ta ture kwanon agushi da ƙafa bai dame ta ba, ta ce in riƙe hannunta in kai ta. Na ce ina jin tsoro. Ta ce ita ma, in wuce mu tafi.

Abin da nake so ka sani shi ne, waɗanda suka taru ba baƙi ba ne. Mai facin da yake ba mai washin iska a taya, shi ne ya mirgino tsohuwar tayar mota. Matar da take sayar mana da kananzir tana riƙe da kwalba. Akwai ’yan ƙungiyar mawaƙan cocinmu biyu, akwai mai shayin bakin titi da ya idar da alwala zai tafi masallaci. Keken yana kwance, an zazzage buhun, tsummoki ne a warwatse. Mutumin yana ƙasa a cikin taɓo, ya kare kansa da hannu, jini yana bin tsakanin yatsunsa. Ana tambayarsa ina yarinyar, yana cewa wace yarinya, kowace amsa kuma tana jawo masa wani dutsen.

Kaka ta kutsa da sandarta tana dukan ƙwaurin duk wanda ta samu. Da ƙafarta ta taɓa shi sai ta zauna daɓas a kan bayansa. Ta kwance ɗankwalinta, tsohuwar da ko mu jikokinta ba mu cika ganin furfurarta ba, ta lalubo kansa ta lulluɓe masa fuska gaba ɗaya. Na daɗe ina tunanin wannan. Da fuskar ta ɓace, hannuwa da yawa sun sauka. Abin da ya rage a ƙasa mutum ne kawai mai tsohuwar riga, yana numfashi da ƙyar.

Ta ce a zuba kananzir ɗin, amma a sani da ita za a haɗa. Sannan ta ce in faɗa musu. Ta matse mini hannu har ƙashi, na ce ni ce, ni na ƙirƙiro labarin a aji ranar da aka yi ruwa. Wani ya ce a janye yarinyar nan, an riga an asirce ta. Aka fara matsowa kuma.

Sai Kaka ta shiga kiransu ɗaya-ɗaya. Ba ta ganin kowa, amma shekara shida tana zaune a gindin mangwaro tana jin muryoyin layin nan. “Kai mai faci, na ji ka. Da idonka ka ga yarinyar a hannunsa?” Ya ce an ce. “Wa ya ce? Ke mai kananzir, ke kika gani?” Ita ma ta ce an ce. Ta kira wani da sunan uwarsa, ta kira wani da sunan garinsu, ta tuna wa wani ranar da ta yi masa jiƙo yana amai. Duk wanda ta kira sai ya sunkuyar da kai, amma na bayansa ya turo. Ban san tsawon lokacin da ta riƙe su a haka ba. Muryarta ta fara dushewa, na kuma san in ta yi shiru an gama.

Wata bas ta tsaya a bakin titi. Ƙanwar matar tela ta sauko, goye da yarinyar, da sabon takalmi ja a ƙafarta da biskit a hannu. Sabon Gari ta kai ta. Ta ce ai ta gaya wa uban da safe, yana kan keken ɗinki ya ce to. Telan ya tsaya baki buɗe, da dutse a hannunsa.

Babu wanda ya ba da haƙuri. Taron ya narke kawai, kowa ya tuna yana da abin yi, sai ga ruwan da ya ƙi zuwa tun safe ya sauko. Tayar nan ta yi mako guda a tsakiyar layi, ana kewaye ta, babu wanda ya yarda tasa ce. Babana ya dawo ya kai mutumin asibiti. Ya rayu, amma idon da yake ƙarƙashin farar girar bai sake gani ba.

Bayan wata guda babana ya gyara keken mai washin, ya ce mu shirya, ni da Kaka, za mu Muchia. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon kafinta. Da muka yi sallama wata yarinya tsarata ta ɗaga labule. Na dube ta, na yi abin da aka koya mini, na nemi alama. Girarta ta hagu an cika ta da kwalli, ya yi kauri, amma zufa ta wanke gefe, farin yana leƙowa.

Mai washin yana zaune a kan tabarma da auduga a ido. Ya aske girarsa duka biyun da reza, goshin ya zama fili, har na kusa kasa gane shi. Ya ga inda nake kallo. Ya ce tasu ce ta gado, kakansa ma da ita aka binne shi, yanzu kuma ’yarsa ba ta iya zuwa ɗiban ruwa sai an shafa mata kwalli. Babana ya yi dogon bayani, Kaka ta durƙusa da tsufanta, ni ma na durƙusa na ce ya yafe mini. Bai yi faɗa ba. Ya ce Mama ta tashi, ita ai ta biya. Sannan ya juyo da ido ɗayan gare ni.

“’Yar makaranta, a labarin naki, yaya aka ƙare da mutumin?”

Na ce ba a kama shi ba, yana nan yana yawo.

Ya jinjina kai. “To, ki ƙarasa shi. Ki kashe shi, mu huta.”

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na kashe shi a aji, na ce mota ta buge shi a hanyar Kano. Na kashe shi a layin famfo, na ce ya faɗa kogi. Aka saurare ni, aka watse, babu wanda ya ɗauki wannan ƙarshen ya kai gaba. Mai washin bai sake zuwa Samaru ba, kuma da na girma na koma neman ɗakin, an ce sun daɗe da tashi. Ban taɓa sanin sunansa ba. Kaka ta ci gaba da ɓarar agushi shekara biyu kafin ta rasu, tana ba da labari jefi-jefi, amma ba ta sake tambayata wace fuska na kawo ba. Wata Asabar na dawo daga Sabon Gari na ce mata na ga wani mai haɓa biyu. Ta ce in ajiye abina. Wannan ya fi mini duk dukan da ba ta yi mini ba ciwo.

Yanzu rubutu ne sana’ata. Ɗalibai sukan zo daga jami’a su zauna a falona su tambaye ni yadda ake sa mai karatu ya kasa manta mutumin cikin littafi. Nakan ce su ba shi alama ɗaya a fuska, domin abin yana aiki. Nakan ƙara da cewa yana aiki fiye da yadda suke so, in ba su dokar Kaka, su rubuta a takarda suna murmushi irin wanda na yi ina shekara goma sha ɗaya. Masu gyara mini littafi kuma kullum ƙorafinsu ɗaya ne, wai mugayen mutanena ba su da fuska.

Gidan hayar nan an rushe shi an yi ɗakunan ɗalibai, mangwaron an sare, inda masara take duk gidaje ne. Na ɗauka labarin ma ya bi su. A watan jiya wani saƙon murya ya shigo zauren zumuntar matan cocinmu a waya. Wata mata ce da ban sani ba, tana haki, tana cewa a kula da yara, an ga wani mutum a Palladan a kan babur da buhu a baya. Girarsa ta hagu rabinta fara ce, saman kunnensa na dama a naɗe, kumatunsa ɗigo-ɗigo, yana da giɓi a ƙasa. A tura wa kowa. Keke ya zama babur, amma fuskar ko ɗigo ɗaya bai faɗi ba, har jerin da na bi a aji shi ta bi. Na ɗauki waya, na yi magana ta minti tara, na faɗi duk abin da na gaya maka yanzu. Mutum uku suka saurara. Ɗaya ta amsa da cewa Allah dai ya kare mana ’ya’yanmu. Shekara arba’in ke nan, ban iya kashe shi ba.

Shi ya sa na fita da takalmi ƙafa ɗaya shekaranjiya. Saurayi ne, da injin washi a bayan babur, da hula ya jawo ta har goshi. Na gaishe shi, ya ɗago ya ce sannu Mama. Kunnuwansa lafiya lau, haƙoransa a cike. Girarsa baƙa ce duka biyun, har na fara sauke numfashi. Sai na lura ta hagun ta fi ta daman baƙi, baƙi mai ƙyalli, irin wanda ake sayowa a kwalba.

Ya ga inda nake kallo, ya ƙara jawo hular. Ban tambaye shi garinsu ba, ban tambaye shi ko ’yar wa ta haife shi ba. Na shiga gida na kwaso duk wuƙar da nake da ita, har da waɗanda ba sa bukatar washi, na zauna a dakalin ƙofar gida kusa da shi, inda duk mai wucewa zai gan ni, har ya gama.